A Daina Datse Kariya a Tsakiyar Damina

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarku mai albarka domin in ja hankalin masu shuka furanni a nan Damagaram game da kariya, shukar nan mai kumburarren gindi da furanni jajaye masu haske, wadda ke ajiye ruwa a jikinta har ta yi fure da rani lokacin da ganyenta ya zube.

Bara na sare rassan tawa a watan Agusta, ana tsakiyar ruwa, sai danshi ya shiga bakin yankan, reshen ya yi laushi, ruɓa ta gangara har gindi. Na rasa shukar da na yi shekara shida ina raino, kuma har yau abin yana mini ciwo.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan hunturu, wajen watan Maris, domin zafi na busar da raunin da wuri, kuma furanni a kan sababbin rassa suke fitowa. A yi amfani da wuƙa mai kaifi da tsabta, a yanka a karkace sama da idon reshe kaɗan domin kada ruwa ya kwanta, sannan a dakata da ban ruwa na 'yan kwanaki.

Ruwan da ke tsatsowa daga yankan dafi ne, har maharba sun shafa shi a kibiya, don haka a wanke hannu, a kuma kawar da rassan daga inda yara da awaki suke.

Wassalam.

Mai karatunku,
daga unguwar Birni, Damagaram.