Wasiƙa daga Landan: kyautar sarki da iyakarta

Landan,
daren Lahadi.

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, da Hajiya da uwargida da yara baki ɗaya. Ni ma lafiya lau, sai sanyin da har yau jikina ya ƙi sabawa da shi. Rana na faɗuwa kafin ƙarfe huɗu. Ka yi la'asar, ka ɗan juya, sai magariba.

Saƙonka ya iso, kuma na ga zolayar da ka yi mini, wai na bar shari'o'in masu rai na zo ina tonon fatun tumakin Turawa. Ba ka yi ƙarya ba. Kwana uku a mako ina ma'adanar tarihi ta ƙasa da ke Kew, ana miƙo mini naɗaɗɗun fatu masu rubutun Latin, waɗansu an ɗinke su baki da baki har sun yi tsawon rawani. To tunda ka tambaya, yau sai ka ji, kuma kai ka jawo wa kanka.

Ka tuna ƙa'idar da aka koya mana a aji, cewa idan kalma ta yi harshen damo a takardar ciniki ko kyauta, ana fassara ta ne ta yadda za ta cutar da wanda ya bayar, domin shi ya zaɓi kalmomin? Wannan ƙa'ida da dokar Ingila muka gaje ta. Abin da ba a tsaya an faɗa mana da kyau ba shi ne, idan mai bayarwar sarki ne, sai a kifar da ƙa'idar. Shakka ta sarki ce. Abin da bai ambata da sunansa ba, yana nan a hannunsa. Yadda aka kai ga wannan shi nake bi.

Ka fara da sanin abin da sarakunan nan ke kyautarwa. Akwai ƙasa, amma rigimar ba a kanta ta fi yawa ba. Sarki kan ba wani babban hakimi ko gidan 'yan zuhudu hurumi: ikon kafa kotu a kan mutanensa ya ci tara, ikon buɗe kasuwa ya karɓi kuɗin fito, ikon farauta shi kaɗai a dajinsa, ikon kwashe kayan jirgin da ya nutse idan teku ta turo su gaɓarsa. Mafi girma, ikon hana wakilin sarki na lardi shiga ƙasarsa, sai dai a miƙo masa sammaci shi ya zartar. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan kuɗi ne, kuma kuɗin da ya shiga aljihun hakimi bai shiga baitulmalin sarki ba.

Tsofaffin takardun, na kafin zuwan Normawa, mutanen arewacin Faransa da suka ci Ingila da yaƙi a 1066, da na bayansa kaɗan, gajeru ne ƙwarai. Sai ka ga an ce an ba wane ƙasa kaza tare da sake da soke, toll da team, da infangthief. Kalmomin tsohon Turanci ne, magatakarda na kwafe su kamar karatun hadda. Na ƙarshen an san shi: ikon rataye ɓarawon da aka kama da kayan sata a hannu a cikin ƙasarka. Amma bayan shekara ɗari biyu, sake da soke sun zama kamar kirarin da kowa ke yi, ba kowa ya san fassararsa ba. Mai takarda zai ce kalmomin sun haɗa duk abin da kakanninsa ke yi. Lauyan sarki zai ce nuna mini inda aka rubuta.

Wa zai raba gardama? Akwai babban littafin dokar Ingila na ƙarni na 13 da ake jinginawa ga alƙali Henry de Bracton, wanda ya rasu a 1268. Amsarsa ba ta da kwana-kwana: alƙalai da sauran mutane ba su da hurumin jayayya a kan takardar sarki, kuma in shakka ta taso, ko kalma ta ɗauki ma'ana biyu, sai a jira fassarar sarki. Ka ga ke nan, shi ke kiɗansa, shi ke rawarsa. Littafin ya ƙara da cewa shari'a da tsaron ƙasa na gadon sarauta ne, duk wanda ke riƙe da wani yanki nasu aro aka ba shi, kuma daɗewa ba ta cin haƙƙin sarki. Ko shekara nawa ka yi kana abu, in ba takarda, ba ka da komai.

Tun kafin a rubuta wannan ma ana yin sa a aikace. A 1157, a garin Colchester, Sarki Henry na Biyu ya zauna da kansa a kan rigimar gidan 'yan zuhudu na Battle, wanda William Mai Nasara, jagoran Normawa, ya gina a filin da ya ci yaƙin Hastings, da Bishop Hilary na Chichester. 'Yan zuhudun suka kawo takardun da suka ce William ya 'yanta su daga ikon bishop. Hilary ya yi kuskuren cewa sarki ba shi da ikon ba da irin wannan 'yanci sai da yardar Paparoma. Sarki ya fusata, bishop ya janye. Abu biyu za ka riƙe. Shugaban gidan, Walter de Luci, ɗan'uwan Richard de Luci ne, ɗaya daga cikin manyan na hannun daman sarki. Sannan masana na baya sun gano cewa takardun jabu ne. Labarin ma daga bakin waɗanda suka ci shari'ar muka same shi, don haka sai a ci da hankali.

Da yake ma'anar takarda tana bakin sarki mai ci, kowa kan ruga a sabunta masa tasa idan aka yi sabon sarki. Sarki goma, zamani goma. Henry na Uku, da ya ayyana kansa baligi a 1227, ya sa masu takardu su kawo a tabbatar musu, ba kuma kyauta ba. Wannan ya tuna mini da mahram ɗin Barno, takardun da Mai ke ba gidajen malamai yana ɗauke musu haraji da fita yaƙi, waɗanda su ma zuriya kan kai wa sabon Mai ya sabunta. Mutum dai ɗaya ne a ko'ina: ya san alkawarin uba ba lallai ya ɗaure ɗa ba.

Inda abin ya yi zafi shi ne zamanin Edward na Ɗaya. Ya gaji sarauta a 1272 yana hanyar dawowa daga yaƙin 'yan Salibiyya, bai taka Ingila ba sai 1274. A shekarar ya baza wakilai gunduma-gunduma, ana rantsar da mutanen gari su faɗi wa ke riƙe da me, kuma wane haƙƙin sarki aka cinye a hargitsin zamanin mahaifinsa. Bayan dokar Gloucester ta 1278, alƙalan rangadi suka shiga kiran manya ɗaya bayan ɗaya da tambaya ta kalma biyu a Latin, quo warranto, wato da izinin wa?

A nan lauyoyin sarki, irin su Gilbert na Thornton wanda daga baya ya zama babban alƙali, suka nuna gwaninta. Ka kawo takarda mai cewa an ba kakanka gari da dukkan hurumominsa, su ce kalmar dukkan ba ta ambaci komai ba, hurumin sarauta sai an kira sunansa. Ka ce to tun kaka da kakanni muke yi, su ce daɗewar zalunci ƙara masa nauyi take yi, ba ta halatta shi. Ka kawo takarda mai suna ɓaro-ɓaro, su tambayi masu rantsuwa ko kana amfani da ikon. In an daɗe ba a yi ba, ya faɗi. In kuma kana yi, su duba ko daidai kake yi.

Wannan na ƙarshen ya fi ba ni dariya. Wanda aka ba ikon kula da farashin burodi da giya, dole ya tanadi turu, domin mai gasa burodin da ya yi ta tauye awo, hukuncinsa a sa shi a turu a bainar jama'a. To hakimai da yawa sun gano cewa turu ba ya kawo ko sisi, tara kuwa tana kawowa. Sai su riƙa karɓar kuɗi, mai burodi ya koma ya ci gaba da halinsa, baɗi a sake karɓa. Alƙalai suka ce a'a, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. A karɓe hurumin, sai mai shi ya biya sarki kafin a mayar masa.

Na san za ka tambaye ni labarin takobi, don kowa shi yake fara kawowa. An ce da aka kira John de Warenne, hakimin Surrey, sai ya zaro wani tsohon takobi mai tsatsa a gaban alƙalai, ya ce ga izininsa: da takobi kakanninsa suka ci ƙasar tare da William, da takobi zai kare ta, domin sarki ba shi kaɗai ya ci yaƙin ba. Labarin ya fito ne daga tarihin da aka rubuta a gidan 'yan zuhudu na Guisborough shekaru bayan haka, waɗansu kwafe-kwafen ma wani hakimi daban suka jingina wa, kuma masana da yawa ba su yarda ya faru ba. Ni dai ina ganin amfaninsa ko da ƙirƙira ne. Ya nuna abin da ke cin manyan a rai: sarki na cewa komai daga hannunsa ya fito, su kuma suna cewa tare aka ci, tare za a raba.

Shari'o'i suka yi ta taruwa, alƙalai na ɗagawa saboda ba su san inda za su sa gaba ba. A 1290 Edward ya sassauta. Dokar da aka yi ta ce duk wanda mutanen yankinsa suka shaida cewa shi da magabatansa suna amfani da huruminsu ba yankewa tun zamanin Richard na Ɗaya, wanda ya hau gado a 1189, a tabbatar masa ko ba takarda. Masu takarda kuma a yi musu hukunci bisa abin da ta ƙunsa. Shekara ɗari da ɗaya ke nan, kusan iyakar abin da dattijo zai ce ya ji daga bakin kakansa. Wannan 1189 ɗin ta zauna daram a dokar Ingila a matsayin iyakar abin da shari'a ke tunawa, ɗaruruwan shekaru bayan dalilin zaɓenta ya wuce. A 1294 yaƙi da Faransa ya taso, aka jingine binciken.

To wa ya ci? Manyan sun tsira da yawancin abin da ke hannunsu. Amma sun tsira ne bayan sun tsaya gaban alƙalin sarki sun amsa tambayarsa, kuma ko wanda ya dogara da daɗewa, hatimin sarki ne ya tabbatar masa. Ƙa'idar ƙuntata fassara kuwa ba ta motsa ba. Wata takarda mai suna Prerogativa Regis, wadda ta jera haƙƙoƙin sarauta, ta faɗe ta ƙarara: in sarki ya ba da gari da abin da ke biye da shi, to ikon naɗa limamin cocin garin, da gonakin da barade ke riƙe da su bisa sharaɗin yaƙi, da rabon gonakin da matan mamata ke ci idan ya dawo bayan rasuwarsu, duk suna nan wurin sarki sai in ya ambace su, ko da yake tsakanin sauran mutane ba haka ake yi ba. Takardar da kanta ta amsa cewa mudu biyu ake awo da shi.

Zan faɗa maka ra'ayina, ko da za ka ce zama a nan ya sa na zama bafade. Da na fara karatun nan haushin lauyoyin sarki nake ji. Yanzu na rage. Dalilin da suke bayarwa shi ne, sarki mutum ne da masu roƙo suka kewaye, ba ya iya bin diddigin kowace takarda, yawanci ma mai roƙon ne ya tsara abin da yake so a rubuta. Saboda haka in an ɓoye masa gaskiya, kyautar ta ɓaci, don an yaudare shi. Kuma abin da ake jayayya a kai ba akuya ba ce. Itacen rataya ne, da kotu, da tara a kan talakan da ba a tambaye shi ba. In za a miƙa wa wani ikon rataye mutum, gara a nemi ya nuna inda aka rubuta. Inda na rabu da su shi ne, sau da yawa ƙarshen maganar kuɗi ne: a karɓe, a biya, a mayar, talaka na nan inda yake.

Masu roƙo ma ba su kwanta ba. Suka sa ana cusa wa takardu kalmomin cewa sarki ya bayar ne da alherinsa na musamman, da tabbataccen saninsa, da raɗin kansa, don kada gobe a ce an yaudare shi. Majalisa kuma a 1399, farkon zamanin Henry na Huɗu, ta ce mai neman kyauta ya faɗi ainihin darajar abin da yake nema. Kowane ɓangare na toshe ramin da ɗayan ya haƙa, takardu na ƙara tsawo. Har a 1568, zamanin Elizabeth ta Ɗaya, a shari'arta da hakimin Northumberland kan ma'adinan Cumberland, alƙalai suka ce zinariya da azurfa na sarauta ne, kyautar ƙasa ba ta tafiya da su sai an faɗa da baki. Duk ranar da ka ga takardar da ta jera kalma goma inda ɗaya ta isa, ka tuna da mutanen nan.

Dare ya yi. Ranar Talata da sassafe zan koma Kew, akwai naɗin shari'o'in lardin Sussex da na sa a ajiye mini. Ka gaishe da Hajiya da kyau, ka ce ina neman addu'a. Ka shafa mini kan yara. In ka sami mai zuwa kafin azumi, don Allah a haɗo ni da yaji da kuka, nawa sun kusa ƙarewa. Kuma ka rubuto mini yadda shari'ar gonar nan da ka ambata ta ƙare.

Wassalam.

Naka,
amininka.