Tsarin Antonio Conte da matsalar wasa biyu a mako

Edita,

Assalamu alaikum. A shirinku na wasanni an tattauna kan Antonio Conte, kocin ƙwallon ƙafa ɗan Italiya, kuma masu sharhi sun jingina nasarorinsa ga zafin rai da tsawar da yake yi wa 'yan wasa a bakin fili. Ina ganin an bar jaki ana dukan taiki. Abin da ke ci masa kofi shi ne yawan kwanakin atisaye da yake samu tsakanin wasa da wasa.

Conte tsohon ɗan wasan tsakiya ne da ya taso a Lecce, ya koma Juventus a 1991, ya yi ritaya a 2004 da kofin Serie A biyar da na Zakarun Turai na 1996. Aikin koci kuwa daga ƙasa ya faro shi: an sallame shi a Arezzo, ya haurar da Bari zuwa Serie A a 2009, ya haurar da Siena a 2011. A Bari da tsarin 4-2-4 yake wasa, wato 'yan baya huɗu, tsakiya biyu, gaba huɗu, abin da masu yi masa kallon kocin tsare gida suke mantawa. Sai a Juventus, da ya tarar da Barzagli da Bonucci da Chiellini, ga Pirlo da ke buƙatar masu yi masa gudu, ya koma tsayar da 'yan baya uku.

Chelsea ta 2016 ce ta fi nuna yadda abin yake aiki. Bayan Arsenal ta lallasa su 3-0 a watan Satumba, ya koma 3-4-3: Azpilicueta da David Luiz da Cahill a baya, Kante da Matic a tsakiya, Marcos Alonso a gefen hagu, Victor Moses na Najeriya, wanda ya shafe kaka uku ana ba da shi aro, a gefen dama. In ƙwallo tana ƙafarsu, Moses da Alonso su haura su zama biyar a gaba, 'yan bayan abokan hamayya huɗu su rasa wanda za su riƙe, Hazard ya shigo ciki ya samu fili. In ta kuɓuce, su biyun su dawo a zama 5-4-1. Wasa shida na farko a lig ba a zura musu ko ɗaya ba, suka ci 13 a jere, suka ɗauki Firimiya da maki 93.

Tsarin yana da ɓaraka, kuma Tottenham ta gano ta ranar 4 ga Janairu 2017. Sau biyu Eriksen ya ɗago ƙwallo zuwa turken nesa, tsakanin Azpilicueta da Moses, sau biyu Dele Alli ya sa kai ya ci. Ɗan gefen da asalinsa ɗan gaba ne ba ya saurin lura da wanda ya zagayo ta bayansa.

Irin wannan wasa haddace shi ake yi. Conte yakan jera 'yan wasa goma sha ɗaya ba abokin karawa, su yi ta maimaita fita da ƙwallo daga mai tsaron raga har gaba, kowa ya san inda zai tsaya kafin a ba shi. Hakan na cin kwana huɗu ko biyar, ga nazarin bidiyo, kuma yana buƙatar mutanen da ba sa canzawa. A duba kofunansa: Juventus ta 2011/12 da ba a doke ta ba a lig, ba ta buga gasar Turai ba, don ta ƙare ta bakwai a kakar baya. Chelsea ta goma ta ƙare kafin ya zo, haka ma Napoli da ya ci wa kofi a 2025. Inter ta 2021 tun Disamba aka fitar da ita daga Turai, tana ta ƙarshe a rukuninta.

Da zarar an koma wasa Laraba da Lahadi, kwana ɗaya na hutu ne, ɗaya na tafiya, saura abin da ba ya isa. 'Yan gefen nan biyu, da suka fi kowa gudu, su ne ke fara gajiya. Shi ya sa iyakarsa a Gasar Zakarun Turai kwata fainal ta 2013, inda Bayern ta ci Juventus 2-0 gida da waje. Gaskiya ne ya ci Serie A a 2013 da 2014 yana buga Turai, har da maki 102, amma Galatasaray ta yi waje da shi tun a rukuni a kakar ta biyu. Chelsea ma da ta koma Turai a 2017/18, an sayar da Matic, an ɓata da Diego Costa, ta biyar ta ƙare.

Don haka in za ku sake auna shi, ku fara da jadawalin wasannin ƙungiyarsa da yawan 'yan gefen da ke benci.

Naku,
Mai sauraro daga Zariya