Takardar bara da ta iso bana: a wace shekara za a shigar da ita?

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ina roƙon ka ɗan ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana da 'yan uwana akantoci, musamman ƙananan ma'aikatan da ke wuni gaban kwamfuta suna shigar da lissafi, da kuma iyayen gidan da ke tsayawa a kansu suna cewa "kai dai shigar mana kawai." Shekarata goma sha bakwai ina riƙe littattafan kuɗi, kuma abin da zan faɗa a kaina ya faru.

Mun rufe lissafin 2021 ranar 31 ga Disamba. Odita, wato mai binciken lissafi, ya zo ya yi mako uku yana tone-tone, muka daidaita, daraktoci suka sa hannu a tsakiyar Maris. Na kulle shekarar a manhaja da kalmar sirri, na yi hamdala. A makon farko na Afrilu direbanmu ya kai mota wanki, sai ga ambulan a ƙarƙashin kujera, duk ya yamutse. A ciki akwai takardar neman biya daga kamfanin da ya yi wa injinmu garambawul, mai kwanan wata 17 ga Disamba. An yi aikin, mun ci moriyarsa, amma ko alamarsa babu a leja, babban littafin lissafinmu, don takardar ba ta taɓa hawa teburina ba.

Ranar ina kan hanya. Mataimakina, yaro mai himma wallahi, ya kira ni a waya: "Oga, akwai wata takarda nan, kwamfuta ta ƙi karɓa, wai sai da kalmar sirri." Hayaniya ta yi yawa inda nake, ban tsaya na tambaye shi wace takarda ce ba, na karanto masa kalmar harafi-harafi. Shi kuwa ya shigar da ita a 17 ga Disamba kamar yadda ya gani a jikinta. Ba zan ga laifinsa ba. Ni na koya masa cewa a watan da aka yi aiki ake sa kuɗin aikin, kuma ni na miƙa masa makulli.

Shiru kake ji har wata goma. Da odita ya dawo duba 2022, abin da ya fara yi shi ne abin da kowane odita ke farawa da shi: ya ɗauko balas ɗin da aka sa wa hannu bara, wato abin da ya saura a kowane asusu ranar rufewa, ya gwada da balas ɗin da muka buɗe sabuwar shekara da shi. Ba su zo ɗaya ba. Ribar da muka tara ta ragu, bashin da masu yi mana aiki ke bin mu ya ƙaru, da adadi guda. Ita leja lafiyarta ƙalau, ɓangarorinta biyu, debit da kiredit, sun yi kunnen doki, shi ya sa babu ƙararrawar da ta kaɗa duk tsawon shekarar. Kwana tara na yi ina bin shigarwa ɗaya bayan ɗaya har idona ya yi ja. A ƙarshe wata 'yar budurwa cikin tawagar odita, wadda na tabbata na girme ta da shekara ashirin, ta ja kujera ta zauna kusa da ni, ta buɗe wani rahoto da ke nuna duk abin da aka taɓa bayan ranar kullewa. Layi ɗaya tak ne a ciki. Ban san rahoton yana nan ba.

Abin da da yawa cikinmu ba su lura da shi ba shi ne yadda waɗannan manhajoji ke rufe shekara. A zamanin littafin takarda, idan ka ja layi biyu da jan biro ka kwashe riba zuwa asusun jari, an gama, duk wanda ya zo ya cusa wani abu a sama za a ga tabon hannunsa. Manhaja irin QuickBooks ba ta rubuta wata shigarwar rufewa ta dindindin. Duk lokacin da ka nemi rahoto sai ta sake lissafa ribar shekarun baya daga abin da ke cikinta a wannan lokacin. Ka sa mata abu a Disambar bara, za ta karɓa ta gyara balas ɗin bana ba tare da ta ce uffan ba. Kariyar da kake da ita ita ce ranar kullewa, kuma za ka iya saita ta ta yi gargaɗi kawai ko ta nemi kalmar sirri. Gargaɗi ba ya hana kowa, yatsa ya saba danna "na yarda." Wata manhajar, Xero, ta ba da ranakun kullewa biyu, ɗaya ta hana ma'aikata ta bar wanda aka ba matsayin mai ba da shawara a cikinta, ɗaya ta hana kowa da kowa. Da zarar an sa hannu, ta biyun ake so.

To idan takardar bara ta iso bana, abin da nake tambaya yanzu kafin in taɓa komai shi ne: an sa hannu a rahoton shekarar ko ba a sa ba? Idan ba a sa ba, babu wata matsala. Ƙa'idar lissafi ta duniya mai lamba IAS 10 ta yi tanadin wannan tazarar da ke tsakanin ƙarshen shekara da ranar amincewa da rahoto: duk abin da ya bayyana a cikinta wanda ke tabbatar da halin da ake ciki tun kafin shekara ta ƙare, a gyara shi a cikin tsohuwar shekarar. Sai ka shigar, ka sanar da odita. Masu amfani da manhajar SAP ma an ware musu zango na 13 zuwa 16, bayan watanni goma sha biyu na shekara, don irin waɗannan gyare-gyare, kada su cakuɗa da ainihin lissafin Disamba.

Idan kuwa an riga an sa hannu, shekarar ta bar hannunka. Kwafi yana banki, kwafi yana ofishin haraji, masu hannun jari sun karanta nasu. Ka gyara kwamfutarka sau ɗari, waɗancan takardu ba za su motsa ba, abin da ka samu kawai shi ne shekara ɗaya mai lissafi biyu. Idan adadin ƙarami ne, a shigar da shi a cikin bana, da kwanan watan da ya iso, a rubuta a wurin bayani cewa aikin Disambar bara ne, a liƙa hoton takardar. Manhajar da ke da gurbi biyu, na kwanan watan takarda da na ranar shigarwa, ta fi sauƙi, don mai bin bashi zai ga ainihin ranar da kuɗinsa ya fara ƙirga. Idan babba ne, to wata ƙa'idar, IAS 8, ce ke magana: a gyara alƙaluman bara da ake jerawa gefen na bana a sabon rahoto, abin da ya shafi shekarun da suka gabace su a taɓa balas ɗin buɗewa na ribar da aka tara, a kuma bayyana ƙarara mene ne kuskuren da yadda ya shafi kowane layi. Wannan ba aikin mutum ɗaya ba ne da dare bayan kowa ya tashi. Da odita ake zama, a kuma duba ko dokar harajin ƙasar tana buƙatar a sake miƙa takardu.

Mutane kan tambaye ni nawa ne babba. Ƙa'idar ba ta yanke adadi ba. Ma'aunin shi ne, da mai karanta rahoton ya san da wannan abu, zai canza shawara? Takardar da za ta mayar da riba ta zama asara babba ce ko da ta yi kama da ƙarama. Ƙanana goma idan suka taru su ma sukan zama babba. A nan ina da magana da iyayen gida. Na taɓa aiki da wani wanda duk Disamba sai ya tara takardun bashi a durowa, don riba ta yi kyau a idon banki, Fabrairu na yi ya fito da su yana cewa yanzu suka iso. IAS 8 ta ce ko ƙaramin kuskure ne, muddin da gangan aka yi shi don a ƙawata rahoto, rahoton bai cika ƙa'ida ba. Ban daɗe a wurin ba.

Rigakafin dai a makon ƙarshe na shekara yake, kuma da ƙafa ake yin sa. Ina zuwa sito in gwada takardun karɓar kaya da takardun neman biya, in leƙa wurin masu gyara in tambaya wane aiki aka kammala wanda kuɗinsa bai zo ba, in nemi manyan masu kawo mana kaya su aiko da bayanin abin da suke bin mu. Duk abin da aka ci moriyarsa takarda ba ta iso ba, sai in ƙiyasta in shigar da shi a matsayin bashi ranar 31 ga Disamba, in warware shi ranar 1 ga Janairu. Ainihin takardar na zuwa sai ta faɗa cikin bana, ita da warwarewar su kashe juna. Ɗan bambancin da ya saura tsakanin ƙiyasi da ainihi a bana yake zama, kuma ba a kiran sa kuskure. Da na yi wannan zagaye a 2021, mai kula da injin zai gaya mini a minti biyu.

Ita waccan takarda, odita ya auna ya ce ba ta kai a sake rahoto ba. Muka buɗe 2021 yana zaune a gefena, muka mayar da ita yadda aka sa mata hannu, muka ɗora kuɗin a Afrilun 2022, na rubuta bayanin shafi ɗaya da sunana a ƙasa. Yanzu kalmar sirrin tana cikin ambulan a wurin daraktan kuɗi, ni kaina ban san ta ba. Ranar sa hannu nakan buga jadawalin balas in ajiye a fayil, farkon kowane wata in gwada shi da abin da kwamfuta ke nunawa. Direban kuwa, ƙarshen kowane wata sai ya ɗaga kujerun motar a gabana.

Wassalam.

Naka,
Wani akanta mai bibiyar jaridarku