Masu sassaƙa don sha'awa, ku fara sa wa guminku kuɗi

Assalamu alaikum Edita,

Ina gaishe ka da sauran ma'aikatan wannan jarida tamu mai farin jini, Allah ya ƙara basira. Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana kan wata sana'a da ba a cika taɓo ta ba idan ana zancen kasuwancin onlayin, kullum sai atamfa da turaren wuta da kayan kicin na Chana, alhali akwai matasa da dattawa birjik da suke aikin itace don sha'awa kawai, wani malamin makaranta ne wani ma'aikacin asibiti, Asabar da Lahadi ya ɗauki gizago da zarto ya zauna a zaure ya fitar da abin da in ka gani sai ka rantse daga waje aka kawo shi. Ni ma ina cikinsu, kuma yanzu ina sayarwa ta waya, shi ya sa abin ya dame ni.

Kasuwa dai akwai ta wallahi. Akushi da muciya da maburgi da ƙaramin turmin daka yaji, ga allo, ga kujera 'yar tsugunno da har gobe ba a kai amarya ɗaki babu ita a gidaje da yawa, sannan ga sababbin abubuwa irin su katakon yanka albasa da faranti da abin ɗora Alƙur'ani da mazaunin waya. Da can sai mutum ya shiga kasuwar Kurmi a Kano ko ya jira ranar kasuwar ƙauye, yanzu kuwa Hajiya tana zaune a Abuja ko Legas za ta ga akushi a status ɗin WhatsApp ko Instagram ta ce a aiko mata guda shida. Tun wahalar canjin kuɗi ta farkon 2023 kusan kowa ya iya transfa, Opay da Moniepoint sun shiga har lungu, to karɓar kuɗi ya zo da sauƙi.

Inda gizo ke saƙar shi ne farashi. Mai yi don sha'awa ya saba kyauta, ya saba a ce kai Malam Allah ya yi maka baiwa, ya ji daɗi ya miƙa, to ranar da ya fara sayarwa sai kunya ta hana shi faɗin kuɗin gaskiya. Zai lissafa kuɗin itace kawai ya ɗora ɗan abin da bai taka kara ya karya ba ya ce ya ci riba. Ina kuɗin sanfefa, ina gam da mai, ina data da ya ƙona yana amsa "nawa ne" ga mutanen da ba za su saya ba, ina kwali da kuɗin Keke Napep zuwa tasha, uwa uba ina wunin da ya yi a duƙe bayansa na ciwo? Akushi ɗaya mai kyau, daga fafe cikinsa zuwa gogewa har ya yi santsin da hannu ba ya jin ƙaiƙayi, aikin yini ne ko fiye. In ba ka sa wa wannan yinin kuɗi ba to kai ne kake biyan kwastoma, bayan wata uku jari ya narke ka ce onlayin ba ta da albarka. Kuma abin haushin, wanda ya karyar da farashi ba kansa kaɗai ya cuta ba, ya cuci masassaƙin gado na ƙauye wanda da wannan gizagon yake ciyar da iyali.

Sai maganar itace, nan ma ina roƙon 'yan uwa mu ji tsoron Allah. Ɗanyen itace yana da daɗin sassaƙa, yana kyau a hoto, amma bari hunturu ya busa, sai ka ji kwastoma ta kira tana faɗa wai turmi ya tsage gida biyu. A bar itace ya bushe a inuwa, a ɗaga shi daga ƙasa saboda gara, ko da zai ɗauki watanni, ba a fafe gora ranar tafiya, kar a jira sai odar biki ta zo sannan a tafi neman itace. Kuma kowane da aikinsa, ƙirya ta turmi ce saboda taurinta, aduwa an san ta da allo, maɗaci kuwa kayan ado da kujeru. Abin da za a ci abinci a ciki kar a shafa masa fenti ko banish, mai irin na ci ya wadatar. Sannan mu duba abin da ya faru da madobiya, yadda aka yi ta lodin ta daga dazukan Taraba ana fita da ita Chana har sai da aka sa ta cikin itatuwan da yarjejeniyar CITES, ta ƙasashen duniya kan cinikin dabbobi da tsirrai masu fuskantar ƙarewa, ta taƙaita cinikinsu daga 2017. Mu masu ƙananan kaya ba sai mun sa an sare bishiya ba, guntayen da kafintoci da 'yan katako ke zubarwa ko su sayar wa masu shayi a matsayin makamashi sun isa a yi cokula da mazaunin waya da yawa, kuma da araha.

Aikawa ma wani darasi ne, tunda aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin webil ya tashi, turmi kuma nauyi gare shi, wani lokaci kuɗin mota ya kusa kamo kuɗin kayan, don haka a faɗa wa mai saye tun farko shi zai biya, a naɗe kaya da kyau don a tasha jifa ake yi da su, a karɓi lambar direba a tura masa. Aikin oda a karɓi kafin alƙalami, kuma kar kaya ya bar hannunka sai ka buɗe app ka ga kuɗi sun zauna, masu alat na bogi sun yi yawa. Hoto kuma a ɗauka da hasken safe ba tare da filta ba, a rubuta tsawo da faɗi, don abin da mutum ya gani shi yake so ya iso masa.

Edita, roƙona shi ne ku riƙa tura wakilanku wurin masassaƙa da masu irin wannan ƙaramar sana'a, su tambaye su nawa suke kashewa nawa suke samu, sannan ku yi mana bayani dalla-dalla da Hausa kan yadda ake rajistar sunan kasuwanci a CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni, da abin da hukumar gwamnati ta SMEDAN take yi wa masu ƙananan sana'o'i, domin da yawanmu sunan kawai muke ji a rediyo.

Na gode, a huta lafiya.

Naku mai karatu a kullum, daga Zariya.