Wasiƙa ga ɗana kafin ya fara zagayawa da baƙi a Birni

Ya kai ɗana,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya kamar yadda muke a nan Damagaram, mahaifiyarka ta sanar da ni cewa da zarar ka gama jarrabawa a Yamai za ka dawo gida ka shiga cikin samarin da ke zagayawa da baƙi a tsofaffin gidajen Birni da fadar Sarki, kuma kuna da niyyar shirya tarukan jama'a a lokacin hutu. Na yi murna ƙwarai, domin sana'a ce mai mutunci ga wanda ya riƙe ta da kyau, amma akwai abubuwan da nake so ka iso da su a cikin kanka tun kafin ka taka zauren farko.

Ka sani cewa gidajen da za ka nuna gidajen mutane ne masu rai. A Kano an mayar da Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa wuraren adana kayan tarihi, an jera kaya, an sa ma'aikata, mai ziyara ya biya ya shiga ya fita ba tare da ya tarar da kowa yana cin tuwo ba. Birni ba haka take ba. Fadar da aka gina wajen shekarar 1850 har yau a cikinta Sarki yake zama, yake sauraron ƙararraki, yake karɓar gaisuwar hakimai, kuma bayan zaurukan da aka yarda baƙo ya gani akwai iyali. Haka ma gidajen attajirai da na malamai masu zane a fuskar bango: jikokin waɗanda suka gina su ne ke kwana a ciki. Saboda haka kada ka shigar da kowa sai ka yi sallama an amsa, kada ka wuce inda dogari ko mai gida ya tsayar da kai ko da baƙon ya ninka maka kuɗi, kuma ka gaya wa mutanenka tun daga waje inda ake tuɓe takalmi da yadda ake gaida manya. Maganar hoto ita ce ta fi kawo rigima. Baƙo yana ganin mace tana daka a tsakar gida sai hannunsa ya tafi ga salula, kuma idan ya ɗauka ba izini shi zai hau mota ya tafi, kai ne za ka ci gaba da haɗuwa da mijinta a masallaci.

Sai batun labarin da za ka bayar, wanda shi ne ya fi damuna. Na sha tsayawa a bayan masu wannan aiki ina saurare, kuma abin da na lura da shi shi ne idan mutum ya ga idon baƙi ya buɗe sai ya ƙara gishiri, gobe ya ƙara wani, har ya wayi gari ya yarda da abin da shi da kansa ya ƙaga. Tarihin garin nan bai buƙatar ado. Ka faɗi cewa asalin gidan sarautar daga Barno ne, kuma Damagaram ta daɗe tana kai gaisuwa can kafin ta yi ƙarfin tsayawa da ƙafarta. Ka faɗi cewa Sarki Tanimun, wanda doguwar sarautarsa ta kai daga 1851 zuwa 1884, shi ne ya ƙarfafa ganuwa, ya sa aka ƙera igwa a cikin garin nan, kuma a zamaninsa ayarin raƙuma ke haɗa Zango, unguwar fatake, da Tarabulus ta hanyar Abzin. Idan kun isa gidan da aka liƙa wa allo don tunawa da Heinrich Barth, Bajamushen da mutanen ƙasar nan suka sani da Abdulkarim, ka ce ya sauka a garin daga ƙarshen Disamba 1852 zuwa ƙarshen Janairu 1853, sannan ya nufi Katsina da Sakkwato a kan hanyarsa ta zuwa Tumbutu. Wannan ya isa. Kada ka nuna wani lungu ka ce nan ya shimfiɗa tabarmarsa, domin wata rana za ka faɗi haka a gaban wanda ya fi ka karatu, kuma daga nan ba zai ƙara yarda da sauran maganarka ba, har da ta gaskiya.

Irin wannan kuskuren ne ake yi idan aka ce UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta shigar da Birni cikin kayan gadon duniya. Tun 2006 Birni da fadar suna cikin jerin wuraren da ƙasarmu ta gabatar don a duba su, amma tsohon garin Agadas ne aka shigar cikin kayan gadon duniya a 2013. Ka bambanta su.

Akwai kuma wuraren da tarihin yake da ɗaci, kuma a nan ne ake gane ɗan jagora na ƙwarai. Ayarin da ya tafi arewa da fatu da gashin jimina ya tafi da bayi, kuma James Richardson, Baturen Ingila da ya zauna a nan a farkon 1851, ya rubuta abin da ya gani na wannan ciniki. Idan an tambaye ka kada ka kauce, amma ka tuna cewa a cikin masu sauraronka, ko a bayan katangar da kake tsaye kusa da ita, akwai jikokin masu saye da jikokin waɗanda aka sayar, don haka kada ka kama sunan gidan kowa. Idan baƙinka Kanawa ne suka tayar da zancen yaƙe-yaƙen Sarkin Damagaram Amadu Kuran Daga da Sarkin Kano Alu, ka bar su su faɗi nasu, ka faɗi naka, a yi dariya a wuce. Zuwan Faransawa kuwa ka jera shi yadda ya faru: an kashe Kyaftin Cazemajou a nan a watan Mayu 1898, sojojin Faransa suka ci yaƙin Tirmini a ƙarshen Yuli 1899 suka shigo gari, Kuran Daga ya rasa ransa ba da daɗewa ba, a 1906 aka tuɓe magajinsa Amadu ɗan Bassa aka kai shi Kodibuwa bisa zargin shirya tawaye, kuma sai a 1923 aka maido da sarautar a hannun Barma Mustafa. Daga 1911 zuwa 1926 garin nan ne hedikwatar ƙasa kafin a mayar da ita Yamai. Ba sai ka yi zagi ba, ba kuma sai ka yi lallashi don baƙonka ɗan Faransa ne ba, domin shekarun da kansu suna magana.

Game da ginin kansa, shawarata ita ce ka nemi tsohon magini ka zauna gabansa kamar almajiri. Ka koyi yadda ake cuɗa ƙasa a yi tubali, da dalilin da ya sa ake jera azara ta giginya wadda gara ba ta cika ci ba, da yadda bakan gizo, wato lanƙwasasshen ginin nan na cikin ɗaki, ke ɗauke nauyin rufin soro ba tare da ginshiƙi a tsakiya ba, da aikin makuba wajen kare bango daga ruwa, da amfanin indararo da zanko. Wanda ya san waɗannan zai iya amsa tambayar da kowane baƙo ke yi, wato me ya sa cikin soro yake da sanyi alhali ana tsakiyar bazara. Zai kuma iya bayyana abin da ya sa shafen siminti a kan bangon ƙasa yakan ɓoye damshi har bangon ya ruɓe daga ciki, wanda a ganina yana cikin abubuwan da ke cinye Birni a hankali tare da damina da rashin kuɗin yaɓe.

Wannan ne ya kawo ni ga tarukan da kuke son shiryawa. Ina goyon bayan a kira magina da dukawa da majema su nuna aikinsu a gaban jama'a, a kira dattijo ya ba da tarihi da bakinsa, a biya shi kamar yadda za a biya mai kiɗa. Amma tsohon soro ba filin wasa ba ne. Ku ƙayyade yawan masu shiga a lokaci guda, kada kowa ya hau rufi ko ya jingina da zanen bango, kuma manyan lasifikoki su tsaya a fili nesa da gini. Ku fara da neman izinin fada da na mai unguwa kafin ku buga sanarwa, ku tsara lokaci yadda ba zai ci karo da salla ba, ku bar ranar Juma'a ga masu ita. Ranar hawan salla kuwa ba ku ne masu taro ba. Aikinka a ranar shi ne ka samar wa baƙinka wurin tsayawa inda doki ba zai taka su ba, ka gaya musu wane ne ke wucewa da abin da kakaki da algaita suke sanarwa, sannan ka yi shiru su gani da idonsu.

Kuɗi kuma a yanke shi kafin a fara tafiya, a fili, kuma mai gida ya san rabonsa, domin shi ne zai sayi ƙasa ya biya magini kafin ruwa ya sauka. Idan baƙo ya nuna sha'awar tsohon takobi ko littafin hannu na wani malami, kada ka zama dillali ko da mai abin yana cikin matsi, domin abin da ya fita daga gida irin wannan ba ya dawowa.

Kada kuma ka zauna jiran Turawa, waɗanda zuwansu ya ragu ƙwarai a shekarun nan. Baƙinka na gaskiya su ne ƴan lakwal na Sabon Gari da Garin Malam da Mirriya, da ɗaliban jami'a, da yawansu an haife su a nan amma ba su taɓa shiga zauren fada ba. Ka je ka ga shugabannin makarantu da kanka, ka rage musu kuɗi, ka yi musu bayani da Hausa mai kyau, ka ba su lokacin yin tambaya ko da malaminsu yana duba agogo.

Na riga na yi magana da maginin da ya gyara mana zaure bara, kuma ya yarda ka riƙa bin sa wurin aiki da safe kafin damina ta kankama, saboda haka ka taho da tufafin da ba ka jin tsoron su ɓaci. Mahaifiyarka da ƙannenka suna gaishe ka. Ka sanar da mu ranar da za ka taso domin a tare ka a tasha. Allah ya ba ka sa'ar jarrabawa, ya kawo ka lafiya.

Wassalam,
Mahaifinka