Riƙe alkawarin Allah yana buƙatar karatu

Malam Edita,

Ka ba mu fili mu ja hankalin 'yan'uwa Kirista, domin a nan Jos ba wuya ka ga Irmiya 29:11, ayar da Allah ya yi alkawarin shirin alheri da bege, liƙe a jikin mota ko ƙofar shago, amma kaɗan ne ke karanta aya ta 10. Can an faɗa wa Yahudawan da ke bauta a Babila cewa sai shekara 70 ta cika kafin a komo da su. Wanda ya tsinko aya ta 11 ita kaɗai, in wata ya ƙare bai sami aiki ba, sai gwiwarsa ta yi sanyi.

Shawararmu: a ɗauki alkawari ɗaya a mako, a karanta dukan surar, a duba wa aka yi wa, kuma ko da sharaɗi. 2 Tarihi 7:14 na neman tawali'u da tuba tukuna, kafin Allah ya gafarta ya kuma warkar da ƙasa. Filibiyawa 4:19 kuwa biyan bukata ta ambata, kuma Bulus daga kurkuku ya rubuta ta, zuwa ga mutanen da suka aika masa da gudummawa. Masu wa'azin arziki sukan tsallake wannan.

A rubuta ayar a takarda, a maimaita ta cikin addu'ar safe tare da yara.

Malaman makarantar Lahadi,
Tudun Wada, Jos