Takardar Koke Zuwa Ga Mai Martaba Sarkin Katsinan Maraɗi Kan Masassarar Cizon Sauro Da Halin Gidajen Likitanmu

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Katsinan Maraɗi,
ta hannun masu unguwanninmu.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Allah ya ja zamanin Sarki, Allah ya ƙara wa Magajin Korau lafiya da nasara. Bayan gaisuwa da ban girma irin na ɗa ga uba, mu ne talakawanka mazauna unguwannin gangaren gulbi: magidanta, iyaye mata, limamai da malaman makarantun allo, ungozomomi, masu lambu a fadama, ƴan kasuwa da samarin da ke kabu-kabu. Mun zauna mun yi shawara, muka ga kukan nan fada ya kamata ya fara zuwa.

Ranka ya daɗe, da gangan muka rubuto yanzu, cikin zafin bazara, tun ruwan farko bai sauka ba. Masassarar cizon sauro ba ta zo mana ba zato. Kowa a garin nan ya san watanninta: tana ɗagowa a Yuli, ta yi ƙamari a Agusta da Satumba, ba ta sassautawa sai Oktoba ta yi nisa. Manomi ba ya jira sai hadari ya haɗo sannan ya fara cigiyar iri, amma mu kowace shekara sai yara sun cika gadajen asibiti ake fara neman magani, neman jini, neman ma'aikata. Roƙonmu shi ne a riƙa shirya gidajen likita kafin damana, kuma Sarki ya zama uban wannan shiri.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2023 mutum miliyan 263 suka kamu da cutar nan, 597,000 suka rasu. Sama da rabin mamatan daga ƙasashe huɗu suke: Najeriya, Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, Nijar da Tanzaniya. Mu ne na uku, alhali duk cikin huɗun mun fi ƙarancin jama'a. A Afirka kuwa, kusan uku cikin huɗu na masu rasuwar yara ne da ba su cika shekara 5 ba. Mu nan ba a takarda muka san wannan ba. A watan Satumba liman kan yi wa ƙananan gawawwaki sallah safe da yamma, irin waɗanda uba ke rungumowa a tabarma ba sai an ɗauko makara ba.

Babban abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya shi ne maganar kyauta. Tun 2006 gwamnati ta ce yaro ɗan ƙasa da shekara 5 a duba shi a ba shi magani ba ko dala, haka ma awon ciki. Doka ce mai kyau, ta ceci rayuka, muna yi wa waɗanda suka kawo ta addu'a. Sai dai yadda take tafiya, gidan likita ne ke yin aikin da kayansa, daga baya ya aika lissafi gwamnati ta maido masa kuɗi. Idan kuɗin suka yi jinkiri, kuma suna yi, ba abin da za a sake sayo magani da shi. Sai uwa ta goyo ɗanta jiki rau da zafi, ta bi layi tun hantsi har azahar, a tsaga masa yatsa a gwada, a ce mata masassara ce, sannan a miƙo mata takarda a ce ta je ta sayo a waje. Wata rana ma abin gwajin ne babu. A watan Agusta ne fa, rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai nuna ba, mai gida yana gona. Jika biyu a irin wannan lokaci sai an sayar da kaza ko an ci bashi. Ƙarshenta sai ta tsaya wurin mai tallan magani a faranti, wanda rana ta gama dafa ƙwayoyinsa, ta sayi na kwana ɗaya maimakon na kwana 3. Zafin ya sauka, ta ɗauka an warke. Bayan kwana biyu cikin dare yaro ya fara jijjiga, ido ya juye, a fita neman kabu-kabu cikin ruwa da caɓi.

Ba ma'aikatan jinya muke ƙara ba, ranka ya daɗe. Ƴaƴanmu ne da ƙannenmu. Mun ga mutum guda yana duba yara tun safe, da dare kuma shi za a buga wa ƙofa, wani lokaci da fitilar salula yake neman jijiyar jariri saboda wuta ta ɗauke. Wanda aka bari haka, in ya ɗaga murya ga mai jinya, ba mu ce ya kyauta ba, amma mun san inda abin ya samo asali. Muna roƙon Sarki ya isar wa Gwamnan jiha da hukumar lafiya ta jiha cewa a riƙa biyan gidajen likita bashin kyautar nan kafin watan Yuni, a cika ma'ajiyarsu da abin gwaji, da maganin kwana 3, da allurar masassara mai tsanani, a kuma ƙaro hannu na watanni huɗun nan, ko da daga ɗaliban fannin lafiya ne na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da makarantun jinya na garin nan. Muna kuma so a kafa allo a ƙofar kowane gidan likita, a rubuta da Hausa, boko da ajami, abin da yake kyauta da abin da ya ƙare. In talaka ya san haƙƙinsa, zargi zai ragu, ma'aikaci ma ya huta da rantsuwa. Shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja a 2001 cewa za su ware wa lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi. Bakin Sarki ya isa ya tuna wa hukuma wannan alkawari.

Sai maganar jini. Ƙwayar cutar nan jan jini take fasawa, shi ya sa yaron da ya kwana biyu da ita za ka ga tafin hannunsa da cikin idonsa sun yi fari fat. Ga tamowa kuma, wadda ita ma a watannin nan take tsananta, ta riga ta raunana shi. Irin wannan yaro ko an yi masa allura, in ba a ƙara masa jini ba yana iya tafiya cikin awowi kaɗan. Yadda ake yi yanzu, sai a ce wa uba ya kawo mai ba da jini. Ya fita tsakar dare yana buga wa dangi waya, wannan nasa bai dace ba, wancan matarsa ta hana shi, wani ya ji an ce wanda ya ba da jini ba ya sake yin ƙarfi. Wannan jahilci ne, kuma maganinsa yana hannun fada da malamai fiye da hannun likita. Namiji lafiyayye yana iya bayarwa duk bayan wata 3, jikinsa ya mayar da abin da ya fita. Jinin da aka ɗiba kuwa ba ya wuce kwana 35 zuwa 42 a ajiye, saboda haka taron rana ɗaya da ƴan jarida ba ya wadatarwa. Abin da muke roƙo shi ne a raba makonnin damana tsakanin unguwanni, kowane mako da masu zuwa ma'ajiyar jini: wannan Juma'a masallacin kaza, mai zuwa fadojin samari masu shan shayi, ta gaba ƴan kokowa da magoya bayansu, sannan ƴan kasuwa. Idan aka ji cewa daga gidan Sarki aka fara miƙa hannu, ba saurayin da zai noƙe.

Akwai kuma maganin rigakafin damana da ake bi gida-gida ana ba yara daga wata 3 zuwa wata 59, sau ɗaya kowane wata. Mun gode da shi ƙwarai. Amma maganin na kwana 3 ne. Masu rabo suna ba da na ranar farko a gabansu, su bar wa uwa na kwana biyu su wuce. Yana da ɗaci, wani yaro ya amayar, wata uwa ta tafi gona ta manta, wata ta ɓoye shi cikin kwalla wai sai ranar da yaro ya kwanta. Ungozomominmu sun sha tarar da ƙwayoyin nan a ƙarƙashin katifa wata guda bayan rabo. A nan laifin namu ne mu iyaye, kuma mu za mu gyara, amma muna buƙatar tsari. Muna roƙon Iya, shugabar mata ta masarauta, ta tara manyan mata, kowace unguwa a naɗa waɗanda za su leƙa gidaje rana ta biyu da ta uku, su ga an sha da idonsu. Su ne kuma za su riƙa duba ko an ɗaura sange, wato gidan sauro, domin mun ga sangen da aka raba don yara ya koma shingen lambu ko rufin kaji, kuma su tuna wa masu ciki zuwa awo, inda ake ba su nasu maganin kariya aƙalla sau 3 kafin haihuwa. Masu sa kai na unguwa da ke wannan zirga-zirga a rana da ruwa, a riƙa biyan su ɗan alawus ɗinsu a kan lokaci.

A watan Satumba na 2024 ƙasarmu ta fara yi wa yara allurar rigakafin masassara, aka ƙaddamar a Gaya ta jihar Dosso. Sau 4 ake yin ta, kuma ba ta maye gurbin sange. Muna roƙon a wadata gidajen likitan Maraɗi da ita, kuma sanarwar ta fito daga bakin masu unguwa da limamai kafin masu jita-jita su riga su. Mun tuna yadda aka sha fama a kan allurar shan inna, da yadda shigar sarakuna ta sa ƙofofin da aka rufe suka buɗe, har aka tabbatar a 2020 cewa Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali.

Game da ruwan da ke kwanciya, kakanninmu sun ba mu labarin ambaliyar 1945 da ta ci tsohon gari har aka hau da birni bisa tudu, mu kuma mun ga ta 2024 da idonmu. Duk ruwan tudu wurinmu yake gangarowa. Lambatu sun cushe da leda da yashi, ramukan da aka haƙa don bulo sun zama tafkuna, sauro kuwa kwana goma sun ishe shi ya tashi daga ƙwai ya fara cizo. Mun ɗauki alkawarin fitowa gayya duk Asabar daga watan Mayu, da shebur da baro. Abin da ya fi ƙarfinmu shi ne motar kwashe abin da muka fitar da cike manyan ramuka, wannan sai ma'aikatar magajin gari. In an bar tulin a bakin lambatu, ruwan farko zai mayar da shi inda ya fito.

Gidan likitan da aka gyara domin masassara shi ne dai zai tare sauran cututtuka. Kwalara ta ɓarke a yankin Madarunfa a 2018 ta kama dubban mutane a jihar nan, ta sake dawowa a 2021. Sanƙarau na zuwa da zafi da ƙura, ƙyanda na bin yaran da ba a yi wa allura ba, mai tarin fuka kuwa wata 6 yake shan magani, in ya yanke cutar ta dawo da taurin kai. Duk abu guda suke buƙata: ma'aikaci a wurin aikinsa, abin gwaji, magani, ruwa mai tsabta, da hanyar kai labari da wuri. Muna roƙon a umarci masu unguwa da masu gari cewa duk inda aka ga mutum biyu ko uku da amai da zawo, ko sanƙarewar wuya, a sanar da likita a ranar, kada a rufe don jin kunya. Tunda kuma mutanenmu kullum suna kan hanyar Ɗan Isa, Jibiya da Katsina, zumuncin da ke tsakanin fada da fada zai iya sa labarin annoba ya riga ta isowa.

Ba abin da ba ya yiwuwa muke nema ba. Dattawanmu sun san kurkunu, yadda yake kwantar da manomi damana guda. A 2013 aka tabbatar Nijar ta rabu da shi. A watan Janairu na 2025 ƙasarmu ta zama ta farko a Afirka da aka tabbatar ta kawar da makantar da ƙudan bakin kogi ke haddasawa. Maƙwabciyarmu Aljeriya an ba ta shaidar rabuwa da masassarar cizon sauro tun 2019. Mun san damanarmu ba irin tasu ba ce, tafiyarmu za ta fi tsawo, amma hana yaro mutuwa saboda rashin maganin kwana 3 ko ledar jini guda abu ne da za a iya tun bana.

Saboda haka, Allah ya ba ka nasara, muna roƙon Sarki ya sa rana kafin watan Yuni, ya kira zama a fada da Ƙaura, Galadima, Durɓi da Ƴandaka, da Iya, da masu unguwa, limaman Juma'a, shugabannin lafiya na jiha da na birni, wakilin magajin gari da kwamitocin da ke kula da gidajen likita. A wurin kowane gidan likita ya faɗi abin da ke ma'ajiyarsa da abin da ya rasa, kowace unguwa ta karɓi makonta na ba da jini da ranarta ta gayya. A sake zama a watan Nuwamba bayan an kai amfanin gona gida, a ji abin da aka cika da wanda ba a cika ba, kuma a mayar da zaman nan biyu al'adar kowace shekara. Muna roƙon a ba wakilanmu, maza da mata, izinin zuwa gaban Sarki su yi bayani da bakinsu.

Allah ya ƙara wa Sarki lafiya da tsawon rai, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya ba mu damana mai albarka.

Wassalamu alaikum.

Daga talakawanka,
mazauna unguwannin gangaren gulbi, birnin Maraɗi.
Sa hannu da dangwalen yatsan magidanta da iyaye mata suna haɗe da wannan takarda.